Yadda Ake Gano Matsala Idan Girka Ƙaramar Manhajar Linux Ya Ƙi Yiwuwa a Tsohuwar Kwamfutar Cinya

Yawancin kwamfutocin cinya da aka ƙera tsakanin shekarar 2004 da 2012 sun zo ne da Windows XP ko Vista ko Windows 7, kuma da yawa daga cikinsu ma'adanarsu ta wucin gadi, wato RAM, ba ta wuce megabait 512 zuwa gigabait 2 ba. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa XP a watan Afrilun 2014, ya kuma daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairun 2020, saboda haka mai son ci gaba da morar irin wannan na'ura yakan koma ga ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin Linux marasa nauyi. Sai dai sau da yawa aikin girkawar kan cije a tsakiyar hanya, mutum kuma ya ɗauka manhajar ce ba ta da kyau, ya sauke wata, ita ma ta cije a daidai wurin da ta farko ta tsaya. Hanyar da ta fi rage wahala ita ce a lura da ainihin matakin da aikin ya tsaya, a rubuta saƙon da allo ya nuna harafi da harafi ko a ɗauki hotonsa da waya, sannan a riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Wanda ya canza filashi da manhaja da saitin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara tada kwamfuta idan an kunna ta, duk a lokaci guda, ko da ya dace aikin ya yiwu, ba zai san abin da ya warware matsalar ba.

Kafin a taɓa komai, a kwashe duk fayilolin da ake buƙata daga faifan kwamfutar zuwa wani wuri, domin matakai da dama a nan suna goge abin da ke kansa.

Sanin na'urar kafin zaɓen manhaja

Abu biyu ne ke yanke hukunci a kan manhajar da za ta yi aiki: nau'in furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukan na'urar, da yawan RAM. Furosesa irin su Pentium M, Core Duo da Atom N270 ko N280 masu bit 32 ne kawai, alhali Core 2 Duo da Atom N450 suna iya ɗaukar manhaja mai bit 64. Kasancewar Windows ɗin da ke kan kwamfutar mai bit 32 ne ba ya nufin furosesar ma haka take, domin an sayar da na'urori masu yawa da za su iya bit 64 amma aka ɗora musu Windows mai bit 32. Ana iya ganin sunan furosesar a shafin farko na BIOS, kuma idan an samu wani Linux ya tashi daga filashi, umarnin `lscpu`, idan aka rubuta shi a tagar rubuta umarni, wato terminal, zai nuna ko tana ɗaukar nau'i ɗaya ne ko duka biyun.

Ga mai bit 32, zaɓi ya ragu ƙwarai. Lubuntu 18.04 shi ne fitowa ta ƙarshe mai dogon tallafi da ta zo da nau'in bit 32, kuma wa'adinta ya daɗe da ƙarewa, don haka ba shawara ce mai kyau a girka ta a yau ba ko da tana tashi lafiya. Debian 12 da ya fito a 2023 yana da manhajar girkawa ta bit 32, amma Debian 13 na 2025 ya bar wannan hanya. Akwai kuma antiX, wanda aka gina a kan Debian domin tsofaffin na'urori, da dangin Puppy Linux da Barry Kauler ya fara a 2003. A ganina, na'urar da RAM ɗinta bai kai gigabait 1 ba, antiX ko Puppy ne suka dace da ita. Mai gigabait 1 zuwa 2 za ta iya ɗaukar Debian da fuska, wato tsarin tagogi da gumakan da ake gani a allo, irin ta LXQt ko Xfce, ko kuma Q4OS mai fuskar Trinity. Lubuntu na yanzu ya fi sakewa ne daga gigabait 2 zuwa sama, kuma dole furosesar ta kasance mai bit 64. A tuna kuma cewa katin hoto da ke haɗe da uwar allo yana cin wani kaso na RAM, shi ya sa `free -h` kan nuna ƙasa da abin da aka rubuta a jikin na'urar.

Idan filashi ya ƙi tashi

Mataki na farko shi ne a tabbatar fayil ɗin ISO da aka sauke, wato wanda ke ɗauke da manhajar gaba ɗaya, bai lalace a hanya ba. Yawancin manhajoji suna wallafa lambar tantancewa ta SHA256 a shafin da ake sauke su. A Linux ana rubuta `sha256sum` tare da sunan fayil ɗin, a Windows kuma ana rubuta `certutil -hashfile` da sunan fayil ɗin sannan kalmar `SHA256`. Idan lambar da ta fito ba ta yi daidai da ta shafin ba, babu amfanin ci gaba, sai dai a sake saukewa. Mutane kan tsallake wannan mataki saboda suna ganin ɓata lokaci ne, alhali fayil da ya yanke a hanya yana iya tashi daidai, ya nuna fuska mai kyau, sai an kai rabin girkawa sannan ya watse.

Wajen rubuta fayil ɗin a filashi da manhajar Rufus, a zaɓi tsarin rabon faifai na MBR da manufar BIOS, domin kwamfutocin da suka riga 2012 galibinsu ba su san UEFI ba, wato tsarin da ya gaji BIOS. Idan Rufus ya tambaya tsakanin yanayin ISO da yanayin DD, a fara da na ISO, in bai tashi ba a sake rubutawa da na DD, wanda ke kwafar fayil ɗin yadda yake ba tare da canza komai ba. Manhajar balenaEtcher ma irin wannan kwafi take yi. Ventoy tana da daɗin amfani saboda tana ɗaukar fayiloli da yawa a filashi ɗaya, amma idan ana neman gano matsala a tsohuwar na'ura ya fi kyau a cire ta daga lissafi, a rubuta manhaja ɗaya kai tsaye.

Maɓallin da ke kawo jerin wuraren tashi ya bambanta: F12 a yawancin Dell da Lenovo da Toshiba, F9 a HP, Esc a Asus, a Acer kuma F12 ne amma sau da yawa sai an fara kunna shi a cikin BIOS. A soke filashin kafin a kunna kwamfutar, ba bayan ta kama ba. A wasu tsofaffin BIOS filashin ba ya fitowa da sunan USB ko kaɗan, sai an shiga jerin faifan ajiya a same shi a ƙarƙashin faifan cikin gida, sannan a ɗaga shi sama. Idan duk da haka bai bayyana ba, a gwada wata kafar, a kuma gwada ƙaramin filashi mai gigabait 4 ko 8, domin wasu tsofaffin na'urori suna ruɗewa da manyan filasai na zamani.

Na'urar da BIOS ɗinta bai san tashi daga USB ba sam tana da mafita uku. Ana iya ƙona manhajar a faifan CD ko DVD idan na'urar karanta shi tana aiki. Ana iya ƙona Plop Boot Manager a CD, a tashi da shi, shi kuma ya miƙa aikin ga filashi. Ta ukun ita ce a cire faifan ajiyar, a sa shi a wata kwamfuta mai lafiya, a girka a can, a dawo da shi. Wannan yana yiwuwa saboda Linux yana gano sassan na'ura ne a duk lokacin da ya tashi, amma da sharaɗin a girka a yanayin BIOS ba UEFI ba, kuma nau'in bit ɗin ya dace da tsohuwar furosesar. Akwai kuma wasu ƙananan kwamfutoci na wajen 2013 da 2014 masu Atom na dangin Bay Trail, waɗanda furosesarsu mai bit 64 ce amma UEFI ɗinsu mai bit 32, kuma waɗannan ba sa tashi sai filashin yana ɗauke da fayil mai suna `bootia32.efi`.

Idan ya tashi amma ya tsaya da saƙo ko baƙin allo

Saƙon da ke cewa `This kernel requires an x86-64 CPU, but only detected an i686 CPU` ma'anarsa an ɗauko manhaja mai bit 64 ga furosesa mai bit 32, kuma ba shi da magani sai a sauke nau'in da ya dace. Saƙon da ke ambaton `pae`, wato wata fasahar furosesa ta sarrafa RAM, kuwa al'amarinsa daban ne. Yawancin Pentium M da Celeron M na farko suna da wannan fasaha amma ba sa bayyana ta, sai ƙwayar manhajar, wato kanel, ta ɗauka babu. Ana warware shi da ƙara kalmar `forcepae` a layin tashi, ko kuma a zaɓi manhajar da kanel ɗinta ba ya buƙatar PAE, kamar nau'in bit 32 na antiX.

Tunda za a buƙaci layin tashin nan sau da yawa, ya kamata a san yadda ake shiga cikinsa. Lokacin da jerin zaɓi na farko ya bayyana, idan na GRUB ne, wato manhajar da ke tada Linux, a danna harafin `e`, a nemo layin da ya fara da kalmar `linux`, a tafi ƙarshensa, a yi tazara, a rubuta abin da ake so, sannan a danna F10. Idan jerin na ISOLINUX ne, wata manhajar tada Linux ta daban, maɓallin Tab ake dannawa, a ƙara kalmar, a danna Enter. Abu na farko da ya dace a yi a wannan layi shi ne a goge kalmomin `quiet` da `splash`, domin su ne ke ɓoye rubutun da kanel ke fitarwa a bayan tambarin manhajar. Da zarar an cire su, rubutu zai riƙa gudu a allo, kuma layukan ƙarshe kafin ya tsaya su ne ke nuna sashen da ya kawo cikas.

Baƙin allo bayan rubutun ya gudana na ɗan lokaci, musamman idan fitilar filashin tana ci gaba da ƙyaftawa, alama ce ta matsalar katin hoto, kuma kalmar `nomodeset` ita ce abin gwadawa na farko. Katunan da suka fi ba da wahala su ne Intel GMA 500 da na SiS da na VIA, sai wasu tsofaffin na Nvidia. Idan kuwa rubutun ya tsaya cak a layin da ke ambaton ACPI ko APIC, a gwada `noapic`, sannan `nolapic`, sai a ƙarshe `acpi=off`, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen nan ba abin zama da shi ba ne, domin yana hana manhajar ganin batir da kashe na'urar da kanta, a wasu na'urorin ma yana shafar yadda fanka ke aiki. Amfaninsa shi ne ya tabbatar daga ina matsalar take, daga nan sai a duba ko kamfanin da ya ƙera na'urar ya taɓa fitar da sabon BIOS.

Idan aikin girkawa ya sandare a tsakiya

A nan ne yawancin na'urori masu ƙaramin RAM ke faɗuwa, kuma dalilin yana cikin yadda filashin gwaji ke aiki. Manhajar da ta tashi daga filashi ba ta rubuta komai a faifai, duk wani canji da ta yi a RAM take ajiye shi. Ga fuskar manhajar tana cin nata kason, ga manhajar girkawa mai hotuna tana cin nata, ga kuma aikin warware dunƙulallen fayil ɗin da ake kwafewa. Abin ya yi kama da mai ɗinki da aka ba ƙaramin teburi, ya ɗora keke da yadi da almakashi, har ya rasa inda zai shimfiɗa abin da zai yanka. Sakamakon shi ne linzami ya fara tafiya da ƙyar, fitilar filashi ta kama ba ta ɗaukewa, daga nan ko dai komai ya tsaya, ko tagar girkawar ta ɓace ba tare da wani bayani ba.

Domin a tabbatar RAM ne ya ƙare, a danna Ctrl da Alt da F2 a tare, a jira ko da minti ɗaya ne, a shiga allon rubutu zalla, a rubuta `free -h`, sannan `sudo dmesg | grep -i "out of memory"`. Idan layi ya fito yana ambaton an kashe wani aiki, to kanel ne ya kashe manhajar girkawar don ya ceci sauran tsarin. Kafin a yanke cewa na'ura ta sandare kuma, a ba ta lokaci, domin tsohon faifai mai juyawa da kafar USB 2.0 suna iya sa ma'aunin ci gaba ya tsaya a lamba ɗaya na tsawon mintuna alhali aiki yana tafiya. Matuƙar fitilar faifai tana motsi, a ƙyale ta.

Magani mafi inganci shi ne a guje wa manhajar girkawa mai hotuna gaba ɗaya. A filashin Debian na netinst a zaɓi `Install`, kada a zaɓi `Graphical install`. Wannan mai rubutu zalla ne, kuma yana komawa yanayin tsimin RAM da kansa idan ya ga ya yi ƙaranci. Yana da wata fa'ida ma: danna Alt da F4 yana nuna rahoton abin da ke gudana a lokacin, Alt da F1 kuma ya dawo da mutum. Akwai wuri guda da ake yawan yin kuskure a cikinsa, wato shafin zaɓen fuska. A can maɓallin tazara ne ke sa alama ko cire ta, Enter kuwa wucewa gaba yake yi. Wanda ya kai kan LXQt ya danna Enter yana zaton ya zaɓa, zai ƙare da GNOME, wadda tana cikin mafi nauyi a jerin. Saboda haka a cire alamar GNOME da maɓallin tazara, a sa wa LXQt ko Xfce ko LXDE, sannan a wuce. A antiX kuma akwai `cli-installer` da ke yin aikin daga allon rubutu. Puppy yana kwafe kansa cikin RAM idan ya ga wuri, kuma ana hana shi da `pfix=nocopy`, haka nan zaɓin `toram` da wasu manhajoji ke bayarwa bai dace da irin wannan na'ura ba.

Idan dole sai an yi amfani da mai hotunan, a tanadar wa na'urar wurin musaya, wato swap, ɓangaren faifai da ke tallafa wa RAM idan ya cika, kafin a buɗe ta. A buɗe GParted, manhajar raba faifai, a raba faifan gida biyu, babban ɓangare na ext4 da ƙarami na swap mai gigabait 1 ko 2, a rufe GParted, a rubuta `sudo swapon /dev/sda2` idan shi ne sunan ɓangaren, wanda `lsblk` zai tabbatar. A manhajar girkawar a zaɓi rabon hannu, a nuna mata ɓangaren ext4 kawai, kada a bari ta sake tsara faifan gaba ɗaya. Calamares, manhajar girkawar da Lubuntu ke amfani da ita, takan ƙi taɓa faifan da swap ɗinsa ke kunne, kuma idan haka ta faru sai a ɗauko filashi na biyu da babu komai mai muhimmanci a kansa, a mayar da shi swap na wucin gadi da `mkswap` da `swapon`, a kula sosai da sunansa don kada a goge wanda ba shi ba. Bayan an gama girkawa a buɗe `/etc/fstab` a tabbatar ba a rubuta wannan filashin a ciki ba, in ba haka ba manhajar da ke amfani da systemd za ta riƙa tsayawa minti ɗaya da rabi tana neman sa a duk tashi. A lokacin girkawar kuma kada a buɗe burauza, kada a sa alamar sauke sabuntawa, a bar su sai an tashi daga faifai.

Ba kowace sandarewa ce ta ƙarancin RAM ba. Layuka masu ɗauke da `SQUASHFS error`, ko saƙon `Input/output error`, suna nuna an kasa karantawa ko rubutawa, kuma masu laifin uku ne: filashi, RAM da ya lalace, ko faifan ajiya. Filashi ya fi sauƙin kawarwa, a canza shi kawai. Ga RAM, a tashi da Memtest86+, wanda ke cikin jerin farko na manhajoji da yawa, a bar shi ya kammala zagaye aƙalla ɗaya. Layi mai launin ja ko guda ɗaya ya isa hujjar cewa RAM ɗin yana da matsala. Idan sandunan RAM biyu ne, a cire batir da caja, a zare ɗaya, a goge haƙoransa na zinare a hankali, a gwada kowanne shi kaɗai. Sau da yawa sanda bai lalace ba, zamansa ne ya yi sako-sako saboda shekaru.

Ga faifai, umarnin `sudo smartctl -a /dev/sda` daga kunshin smartmontools yana fito da rahoton lafiyarsa. A duba layin `Reallocated_Sector_Ct` da na `Current_Pending_Sector`, a kalli lambar da ke ƙarshen kowanne. Idan na biyun ya wuce sifili, akwai wuraren da faifan ya kasa karantawa, kuma girka sabuwar manhaja a kansa ɓata lokaci ne, ko da an samu ta shiga. Idan manhajar girkawa ba ta ga faifan ba kwata-kwata, a shiga BIOS a sauya yanayin SATA tsakanin IDE da AHCI.

Na'urar da ke ɗaukewa ɗif kamar an zare mata wuta, musamman lokacin kwafar fayiloli, zafi ne ke kashe ta. Girkawa tana sa furosesa aiki ba hutawa, kuma ƙurar da ta taru a bayan fanka tsawon shekaru tana toshe hanyar iska har ta zama kamar auduga. A sa hannu a bakin ragar: idan fanka tana ƙara amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, a buɗe a share, a kuma sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta idan ya bushe. A bar cajar a soke har a gama, domin tsohon batir ba abin dogaro ba ne.

Akwai kuma ƙaramin batir na agogo, galibi CR2032, wanda idan ya mutu kwanan watan na'urar ke komawa shekarun baya duk lokacin da aka cire wuta. Alamarsa ita ce saƙon `Release file is not valid yet` lokacin da ake jawo kunshi daga intanet, ko burauza ta riƙa ƙin shafuka tana cewa takardar shaidarsu ba ta inganta ba. A gyara kwanan wata a BIOS kafin a fara, a kuma canza batirin idan an samu hali.

Idan an gama amma ta ƙi tashi daga faifai

Saƙo irin `No bootable device`, ko alamar rubutu da ke ƙyaftawa a kusurwar baƙin allo, ko `grub rescue>`, duk suna nuna GRUB bai zauna inda ya dace ba. Dalili mafi yawa shi ne an girka shi a kan filashin maimakon faifai, ko a kan ɓangare irin `/dev/sda1` maimakon faifan gaba ɗaya, wato `/dev/sda`. Gwaji mai sauƙi shi ne a mayar da filashin a kunna: idan sabuwar manhajar ta tashi da shi amma ba ta tashi in babu shi, to a kansa GRUB ya sauka. Ba sai an sake girkawa ba. A tashi daga filashin gwaji mai nau'in bit iri ɗaya da wanda aka girka, a rubuta waɗannan bi da bi:

`sudo mount /dev/sda1 /mnt`
`for d in dev proc sys; do sudo mount --bind /$d /mnt/$d; done`
`sudo chroot /mnt`
`grub-install /dev/sda`
`update-grub`
`exit`

Masu antiX suna da manhajar gyaran tashi a cikin filashinsu da ke yin wannan da dannawa kaɗan. Idan `grub-install` ya yi ƙorafi a kan GPT, to an tsara faifan da GPT ne, wato sabon tsarin rabon faifai, a na'ura mai BIOS, wanda ke buƙatar ƙaramin ɓangare mai megabait 1 da alamar `bios_grub`, kuma ga tsohuwar na'ura ya fi sauƙi a koma tsarin MBR, wanda GParted ke kira `msdos`. Wasu BIOS ma ba sa kallon faifai sai ɗaya daga ɓangarorinsa yana da alamar `boot`, wadda ake sa wa a GParted. Na'urorin farkon shekarun 2000 kuma suna iya kasa ganin abin da ya wuce gigabait 137 na farkon faifai, saboda haka a ajiye ɓangaren manhajar a farkonsa.

Duk kalmar da aka buƙata don filashi ya tashi, kamar `nomodeset` ko `forcepae`, ita ma sabuwar manhajar za ta buƙace ta. A ƙara ta da hannu a tashin farko, sannan a buɗe `/etc/default/grub`, a rubuta ta a layin `GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT`, a gudanar da `sudo update-grub`. Amma kafin a dawwamar da `nomodeset`, a gwada tashi babu ita bayan an sabunta manhajar, domin tana barin allo da manyan haruffa da jan ƙafa wajen bidiyo. Mai Debian da ya ga `sudo` yana ƙin sa, dalilin shi ne ya sa wa asusun root, wato na mai cikakken iko, kalmar sirri lokacin girkawa, don haka sai ya shiga da `su -`.

Wi-Fi da nauyin tafiya bayan an tashi

Idan babu Wi-Fi, a fara da `rfkill list`. Layin da ya nuna an toshe ta ɓangaren na'ura yana nufin akwai ɗan makunni a gefe ko gaban kwamfutar, ko haɗin Fn da wani maɓalli, wanda aka kashe. Idan ta ɓangaren manhaja ne, `sudo rfkill unblock all` ya wadatar. Daga nan `lspci -nn` zai faɗi sunan katin. Tun daga Debian 12 ana haɗa fayilolin da yawancin katuna ke buƙata a cikin filashin girkawa, amma katunan Broadcom irin su BCM4311 da BCM4312 da BCM4318 suna buƙatar kunshin `firmware-b43-installer` daga sashen `contrib`, wanda shi kansa sai da intanet yake jawo abin da yake buƙata. A nan sai a yi amfani da wayar Ethernet, ko a haɗa wayar Android da kebul a kunna raba intanet ta USB, wanda Linux ke ganewa ba tare da an ƙara masa komai ba. Idan katin yana ganin wasu hanyoyin sadarwa amma ba ya ganin wadda ake so, mai yiwuwa tana kan zangon gigahaz 5 ne ko tana amfani da tsaron WPA3, alhali tsofaffin katuna da yawa zangon 2.4 da WPA2 kaɗai suka sani.

Game da nauyi, abin da ya fi taimako shi ne zram, wanda ke matse bayanai a cikin RAM maimakon tura su faifai mai jinkiri. A Debian ana girka `zram-tools`, a saita shi a `/etc/default/zramswap`, kuma ga furosesa mai rauni salon matsewa na `lz4` ya fi `zstd` sauƙi. Umarnin `swapon --show` zai nuna ko ya kama. Kunshin `earlyoom` kuma yana rufe aikin da ya fi cin wuri kafin na'urar ta sandare gaba ɗaya. Duk da haka, manhajar da ke tashi da megabait ɗari biyu ko uku ba ta rage nauyin shafukan intanet na yau ba, kuma burauza ce za ta cinye sauran. A girka uBlock Origin, a taƙaita shafukan da ake buɗewa lokaci guda zuwa biyu ko uku, a rage ingancin bidiyo. Google ya daina fitar da Chrome na Linux mai bit 32 tun 2016, don haka mai irin wannan furosesa ya tsaya ga burauzar da ke cikin rumbun manhajarsa. Idan ana da niyyar ƙara kayan aiki, `sudo dmidecode -t memory` zai nuna nau'in RAM da ke ciki da guraben da babu kowa, kodayake iyakar da yake faɗa ba kullum take daidai ba, ya kamata a gwama ta da takardar bayanin na'urar. Ƙananan kwamfutoci masu Atom N270 suna tsayawa a gigabait 2 na DDR2, kuma na'urar da ke da kafar SATA tana karɓar faifan SSD mai inci 2.5 a gurbin tsohon ba tare da wani canji ba.